Furokariyot da yukariyot: yaya ake gane bambancinsu a aikace, ban da jadawalin littafi?

ƊalibarLafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Jadawalin nau'o'in ƙwayar halitta guda biyu da ke cikin littafi a kaina yake: furokariyot, irin su bakteriya, ba ta da nukiliyas, wato ɗakin ajiyar DNA, yukariyot tana da shi, waccan ƙarama ce, wannan babba, raibozom, wato injin haɗa furotin, na waccan 70S, na wannan 80S. Amma hadda ba ta amsa tambayoyi uku. Na farko, da madubin likita irin na ɗakin gwajin makaranta, mai gilashin ido sau 10 da gilasan ƙasa sau 4, 10, 40 da 100, me za a iya gani da ido daga cikin waɗannan bambance-bambance? Na biyu, me ya sa amoksisilin yake kashe bakteriya amma ba ya taɓa ƙwayoyin jikinmu, kuma ba ya yi wa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro komai? Na uku, jar ƙwayar jini ba ta da nukiliyas, to ke nan furokariyot ce? Allah ya ƙara ilimi.

MalaminBayoloji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da ta uku, don a nan jadawali ya fi ruɗar ɗalibai. Jar ƙwayar jini yukariyot ce tsantsa. A cikin ɓargo take samuwa, da nukiliyas ɗinta da maitokondiriya, wato gaɓar da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, da komai. Sai ta kusa ƙosawa take tofar da nukiliyas, ta narkar da sauran kayan ciki, himogulobin, furotin mai ɗaukar iskar oksijin, ya cike wurin. Shi ya sa ba ta rabuwa, ba ta gyara kanta, bayan kwana 120 ko kusa da haka saifa ta kwashe ta. Wannan ma a dabbobi masu shayarwa ne. A jinin kaza ko kwaɗo ko ƙadangare jajayen ƙwayoyin suna nan da nukiliyas ɗinsu. Asalin ƙwaya ake dubawa, ba abin da ta rasa daga baya ba.

Tushen bambancin abu ɗaya ne: shin an raba cikin ƙwayar da tantani ko ba a raba ba. Furokariyot shago ce mai ɗaki ɗaya, nan ajiya, nan aiki, nan ciniki. Yukariyot gida ne mai sassa, kowane aiki da ɗakinsa da ƙofarsa. Yawancin layukan jadawalin daga nan suka fito.

Dubi yin furotin. A bakteriya DNA tana zube cikin ruwan ƙwaya, raibozom na gefenta, don haka tun ba a gama kwafo saƙon RNA ba raibozom ya riga ya kama bakinsa ya fara aiki. A yukariyot hakan ba ya yiwuwa. A cikin nukiliyas ake kwafo saƙon, a yanke guntayen da ba a bukata, a ɗaura masa hula da wutsiya, sannan ya fita ta ƙofofin tantanin nukiliyas ya tarar da raibozom a waje. Aikin ya fi jinkiri, amma ya ba ƙwaya damar fitar da furotin iri-iri daga jigon gado guda.

Girma kuma lissafi ne. Mikron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Ɗauki ƙwaya mai siffar akwati, kowane gefe mikron 1: faɗin bayanta 6, cikinta 1, rabo 6 ke nan. Ki mai da gefen mikron 20: baya ya zama 2,400, ciki 8,000, rabo ya faɗo zuwa 0.3. Bakteriya a jikin tantaninta na waje take samar da ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya ƙarfin aiki, ta nan kuma abinci yake shiga, don haka in ta yi girma bayan ba zai iya ciyar da cikin ba. Yawancinsu mikron 1 zuwa 5 ne. Yukariyot ta kuɓuta daga wannan tarko saboda ta tara tantani nannaɗe a cikin maitokondiriya ɗaruruwa ko dubbai, sai ta kai mikron 10 zuwa 100 ba tare da ƙarfi ya gaza mata ba.

DNA ɗin E. coli zobe ne mai harafi kamar miliyan 4.6, jigogin gado sun ɗan haura 4,000. Namu harafi biliyan 3 da ɗoriya ne a kowane saiti, saiti biyu a kan kuromosom 46 miƙaƙƙu, naɗe a jikin furotin histon. Mai ɗan kaya ba ya daɗewa wajen rabuwa: E. coli a kyakkyawan yanayi minti 20 take yi ta zama biyu, wato a awa 7 ƙwaya guda ta haura miliyan 2. Ƙwayar mutum da ake renonta a ɗakin gwaji kusan kwana guda take ci, don sai ta bi matakan maitosis, wato tsarin rabuwar ƙwayar yukariyot. Amma kada ki ɗauka kowace bakteriya mai sauri ce. Ta tarin fuka awa 15 zuwa 20 take yi kafin ta rabu, dalilin da ya sa shukarta a ɗakin gwaji take cin makonni.

MaiLab ta amsa:

'Yar'uwa, tambayarki ta farko ita ce aikinmu na kullum. Madubin haske ba ya rarrabe abu biyu da tazararsu ta gaza mikron 0.2, komai kyawunsa. Raibozom nanomita 20 zuwa 30 ne, wato mikron 0.02 zuwa 0.03, saboda haka ki cire rai da ganinsa. Zoben DNA ma haka. Abin da za ki gani uku ne: girma, nukiliyas, da ko akwai wasu gaɓoɓi a ciki ko cikin lailai yake.

Gwajin da ya fi kowanne koyarwa shi ne na kunci, don silaid ɗaya yana nuna duka biyun. A kurkure baki, a goga gefen tsinken sakace marar tsini a cikin kunci a hankali, a shafa a kan silaid mai tsabta cikin ɗan ɗigon ruwa. A bar shi ya bushe da iska. A wuce da shi ta saman harshen wuta sau biyu ko uku, da sauri. In aka ɗora a bayan hannu ya kamata a ji ɗumi, ba ƙuna ba. A zuba shuɗin metilin minti 1, a ɗauraye da ruwa a hankali, a bushe. A fara da gilashi sau 10 a nemo ƙwayoyin, a koma sau 40. Za ki ga manyan fale-falen ƙwayoyi masu faɗin mikron 50 zuwa 60, kowace da ɗigo mai duhu a tsakiya, shi ne nukiliyas. Sai a ɗiga man madubi ɗigo guda a juyo gilashi sau 100. A kan ƙwayar da gefenta za ki ga ƙananan ɗige-ɗige da 'yan sanduna, mikron 1 ko 2, wasu bibbiyu wasu a jere. Bakteriyar baki ke nan. Nukiliyas ɗin ƙwayar kunci shi kaɗai ya ninka kowace ɗayansu sau da yawa.

Kindirmo ma yana da kyau. A dama ɗigo guda cikin ɗigo goma na ruwa, a shafa siriri. Maiƙon nono yana hana rini kamawa, don haka bayan ya bushe a kwarara masa sifirit a bari ya sake bushewa kafin a rina. Yis ɗin burodi kuwa a jiƙa shi a ruwan ɗumi mai ɗan sukari kamar rabin awa. Ƙwayoyinsa mikron 5 zuwa 10 ne, masu siffar ƙwai, wasu da ɗan tsiro a gefe. Shi ne ya fi ruɗar masu koyo, don ƙwaya guda ce kamar bakteriya, amma yukariyot ne. A ajiye silaid ɗinsa kusa da na kindirmo a ƙarfi ɗaya, ido da kansa zai raba gardama.

Awo ba ya bukatar kayan tsada. A jikin gilashin ido akwai lamba bayan 10x, galibi 18 ko 20. A raba ta da ƙarfin gilashin ƙasa, abin da ya fito shi ne faɗin filin da kike gani a milimita. In 18 ce, a sau 40 filin milimita 0.45 ne, wato mikron 450. A sau 100 mikron 180. Ƙwayoyin kunci takwas suka cika filin sau 40 daga gefe zuwa gefe, kowace mikron 56 ke nan.

Inda aiki yake ɓaci: shafi mai kauri, wanda komai zai dunƙule ya zama baƙi, zafi da yawa, wanda yake fasa ƙwayoyi, kifa silaid, wanda a sau 10 za ki ga komai lafiya amma a sau 100 ki yi ta nema babu, da tsohon rini da ya yi guntsattsari, har a ɗauki ɓarɓashinsa a matsayin bakteriya. A tace rini da takardar tacewa. Bakteriya girmansu ɗaya ne kuma suna da tsari, ɓarɓashi kuwa kowane da nasa girman. Kada mai ya taɓa gilashi sau 40, ba a yi shi don mai ba, in ya shige shi hoton ya dusashe ke nan. A ɗanyen silaid kuma, rawar da ƙananan abubuwa suke yi a wuri guda ba tafiya ba ce, ruwa ne yake bugun su. Mai tafiya ta gaskiya tana ratsa filin. Tsinke da silaid da suka taɓa yawu a jefa su cikin ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5.

Rinin Gram, wanda Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ya fito da shi a 1884, bakteriya yake rabawa gida biyu gwargwadon kaurin bangonsu. Kiristal bayolet minti 1, aidin minti 1, sifirit daƙiƙa 10 zuwa 20, safaranin daƙiƙa 30 zuwa 60, da ɗauraya tsakanin kowane mataki. Masu bango mai kauri su riƙe shunayya, masu siriri su koma ja. Matakin sifirit shi ne mahaɗa: a daɗe, kowa ya koma ja, a gajarta, kowa ya zama shunayya. Shukar da ta wuce awa 24 ita ma tana ba da amsar ƙarya. In samfurin ruwan gyambo ne ko majina, ki duba fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki. Ba su da bango, dole su fito ja. In suka fito shunayya, wankin sifirit bai isa ba, a sake.

Ga ƙari kan bayanin Malam. A siririn shafin jini da aka rina da Giemsa mai ƙarfin kashi 10 na minti 10, da ruwa mai pH 7.2, ƙwayar maleriya tana fitowa zobe shuɗi da jan ɗigo. Wannan jan ɗigo nukiliyas ɗinta ne, a cikin jar ƙwayar da ita ba ta da nata.

MaiHarhaɗaMagani ya amsa:

Malama ɗaliba, duk maganin kashe bakteriya a kan doka ɗaya aka gina shi: a nemo abin da bakteriya take da shi wanda mu ba mu da shi, a buga can.

Amoksisilin da duk dangin fenisilin bango suke bugu. Bangon bakteriya da feftidogilaikan aka saƙa shi, kuma shi yake riƙe matsin ruwan da ke cikinta. Maganin yana toshe sinadarin da ke ɗaure zaren bangon da juna, sai bakteriyar da ke girma ta gina bango marar ɗauri, ruwa ya shige ta, ta fashe. Lura da cewa sai tana girma. Wadda take kwance ba ta gini, ba ta jin sa sosai. Ƙwayoyinmu ba su da wannan bango. Plasmodium, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ita ma ba ta da shi, don yukariyot ce, ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan yadda take da Salmonella Typhi mai kawo taifot. Don haka haɗa sunan maleriya da taifot da ake yi kullum a bakin kemis kada ya sa a zaci magani ɗaya zai yi musu. Maleriya marar tsanani haɗin atemita da lumefantirin ake ba ta, a sha sau shida cikin kwana uku. Akwai ma bakteriyar da fenisilin ba ya yi wa komai, Mycoplasma, saboda ita tun asali ba ta da bango.

Rukuni na biyu raibozom suke bugu. Na bakteriya yanki biyu ne, 30S da 50S, su haɗu su ba da 70S. Namu 40S da 60S, su ba da 80S. Lissafin bai tashi ba saboda S saurin nutsewa ne a injin juyi, ba nauyi ba. Tetirasaikilin da jentamaisin da sitireftomaisin suna kama 30S. Eritiromaisin da kuloramfenikol suna kama 50S. Sauran kuma kowa da maƙasarsa: sifurofuloksasin yana tsayar da sinadarin da ke warware murɗin DNA ɗin bakteriya, rifamfisin yana tsayar da mai kwafo RNA, Septrin kuma yana toshe hanyar haɗa folet, wanda mu daga abinci muke samun sa.

Naman gwari irin su Candida yukariyot ne, waɗannan magunguna ba sa taɓa shi. Hasali ma in suka share bakteriyar da ke gasa da shi sai ya samu fili, shi ya sa farin baki ko ƙaiƙayin gaba yake biyo bayan doguwar shan su. Nistatin da fulukonazol ta wajen egosterol suke kama shi, kitsen da ke tantaninsa a gurbin kolesterol ɗinmu. Tazarar ba ta da yawa, dalilin da ya sa magungunan gwari ba su da yawa kuma masu ƙarfin cikinsu suna wahalar da ƙoda ko hanta. Bairos kuwa ba ƙwayar halitta ba ce ma, ba ta da bango ba ta da raibozom, amoksisilin a kan mura asarar kuɗi ce.

Cewa ba sa taɓa ƙwayoyinmu gaba ɗaya, a nan sai an yi gyara. Maitokondiriya jikar bakteriya ce. Tana da zoben DNA nata mai harafi 16,569 da jigogin gado 37, da raibozom nata mai kama da na kakanninta. Kuloramfenikol yana iya danne ɓargo ta wannan hanya, don haka ake auna jini in za a daɗe ana ba da shi. Jentamaisin yana kurmantar da wasu mutane ko da an ba su daidai ƙa'ida, in suna da wani canji a DNA ɗin maitokondiriya, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Plasmodium ita ma tana da wata gaɓa mai asalin bakteriya, afikofilas, kuma doksisaikilin yana bugun ta. Sai dai 'ya'yan zagaye na gaba ne suke mutuwa, ba waɗanda suka sha maganin ba, saboda haka ba a ba da shi shi kaɗai ga mai zazzaɓi. Haɗa shi ake yi da kwinin na kwana 7.

Layin filasmid da ake haddacewa a wuce, a asibiti shi ne babban tashin hankali. Ƙananan zobban DNA ne da bakteriya take miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma sau da yawa a kansu jigogin bijire wa magani suke. Taifot ɗin da ya ɓarke a lardin Sindh na Pakistan daga 2016 ta filasmid ya samu bijire wa seftirayakzon.

ƊalibarLafiya ta sake rubutawa:

Na gode, malamai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Gansakuka mai shuɗi-kore tana haɗa abinci da hasken rana, to a wane ɓangare take? Arkiya kuma, ɗaya rukunin furokariyot, me ya raba su da bakteriya tunda duka ba su da nukiliyas?

MalamaMaikuro ta amsa:

'Yata, furokariyot ce, bakteriya ce cikakkiya. Ba ta da kuloroflas, wato koriyar gaɓar da tsiro yake haɗa abinci a cikinta. Launin yana shimfiɗe a jikin tantani a ruwan ƙwayar. Kuloroflas ɗin ganyen dawa ko zogale ma daga irinta ya samo asali, wata tsohuwar yukariyot ce ta haɗiye ta ba ta narkar ba. Lynn Margulis ce ta tsaya a kan wannan bayani a 1967, ba a karɓa da wuri ba, daga baya binciken DNA ya gaskata ta. Misalin bai yi nisa da mu ba: dihe da matan Kanembu suke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem a Chadi, su busar a sa a miya, Arthrospira ce, wadda ake sayarwa a duniya da sunan sifirulina.

Arkiya sai a 1977 Carl Woese ya ware su, bayan ya gwada RNA ɗin raibozom ya ga tazararsu da bakteriya ta yi yawa. Bangonsu ba feftidogilaikan ba ne, fenisilin ba ruwansa da su. Kitsen tantaninsu wani irin ɗauri ne daban. Da yawansu suna da histon, kuma injin kwafo RNA ɗinsu ya fi kama da namu. Masu fitar da iskar mesen a tumbin saniya da ramin bayogas su ne. A 2015 aka ba da rahoton wani rukuninsu daga ƙasan tekun Atilantika ta arewa mai ɗauke da jigogin gado da a da ake zaton na yukariyot ne kaɗai, kuma yanzu masana da yawa suna ganin daga cikin arkiya muka fito. A ganina wannan ya sa furokariyot ta zama sunan siffa kawai, ba sunan dangi ba.

Ina ɗan sassauta maganar Malam kan zobe. Daidai ne a E. coli, amma Vibrio cholerae mai kawo amai da gudawa zobe biyu gare ta, Borrelia kuma nata miƙaƙƙe ne. Girma ma ba ya tsayawa: Thiomargarita namibiensis ta gaɓar tekun Namibiya tana kai milimita 0.75, ido yana ganin ta, an kuma bayyana wata 'yar'uwarta a 2022 daga tsibirin Guadeloupe mai tsawon kusan santimita 1. Ita ta Namibiya kusan duk cikinta jakar ruwa ce, naman ƙwayar siriri ne a gefe, don haka lissafin Malam bai karye ba. A ɗaya ɓangaren, a 2016 an tabbatar da Monocercomonoides, yukariyot da ta rasa maitokondiriya ɗungurungum.

A jarrabawar WAEC ko NECO ko ta makarantarku, kurakurai uku ne suke cin maki. Kada ki rubuta cewa furokariyot ba ta da DNA, ko ba ta da raibozom, ko ba ta da tantani. Tana da duka ukun, gaɓoɓi masu tantani a ciki ne ba ta da su. Bango kuma ba a cewa wannan na da shi wancan babu, sai a faɗi da me aka yi shi: feftidogilaikan a bakteriya, selulos a tsiro, kaitin a naman gwari, dabba babu.

MaiLab ta ƙara:

In kina son ganin maganar Malama da ido, ki ɗebo koren ruwan kududdufi, ɗigo ɗaya a silaid, ki kwantar da murfin gilashi a karkace don kada kumfa ya shiga, ba rini ba wuta. A sau 10 da sau 40 ki nemi zare iri biyu. Spirogyra mai kauri ce, kowane gaɓi da koren ƙyalle murɗaɗɗe a ciki, sauran wurin garau; wannan ƙyallen kuloroflas ne, yukariyot ke nan. Oscillatoria siririya ce, launinta ya game ko'ina babu wata gaɓa, kan zaren yana kaɗawa a hankali. Ki rage hasken ƙasa kaɗan, don haske mai yawa yana wanke hoton ɗanyen silaid.